Ajin da ba a shiru

Sati uku na yi a wannan aji ban ce uffan ba. A kwalejin da na shiga a jihar Ohayo ta Amurka, duk ɗan shekarar farko sai ya ɗauki wani ƙaramin darasi na tattaunawa, namu kan tarihi ne da ɗa'ar aikin likita. Mu goma sha biyar kewaye da teburi ɗaya, malamar ma a cikinmu take zaune da kofin gahawarta. Ni kuwa a Kano na tashi, inda in malami na magana sai ka duƙar da kai ka rubuta, ranar jarrabawa ka mayar masa da kayansa. Ashe shirun da na ɗauka ladabi ne, maki yake cinye mini.

Sai muka zo kan binciken Taskigi, wani gari a jihar Alabama. A 1932 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta tara baƙaƙen fata 600 a Alabama, 399 daga cikinsu na ɗauke da tunjere. Aka ce musu maganin "mugun jini" ake yi musu, alhali ido kawai aka zuba a ga yadda cutar ke cin jikinsu. Penisilin mai warkar da cutar ya samu, ba a ba su ba. Sai a 1972 jarida ta tona asirin. Shekara arba'in cur!

Wani ɗalibi ya ce ai wannan tsohon zance ne. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Muryata na rawa na ce a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a garinmu, a gwajin da ya haɗa yara kusan 200, kuma har gobe akwai iyayen da ke gudun allurar rigakafi.

Na zaci jaje malamar za ta yi mini. Sai ta ce, "Wa ya nemi izinin iyayen, da wane harshe? Shi kamfanin me ya ce? Kawo mana ranar Alhamis."

Raina ya sosu, amma na kwana biyu a laburare. Yara 11 ne suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba wani magani daban don kwatantawa. Ban taɓa jin wannan ba. Kamfanin ya ce ya samu amincewar iyaye da baki, iyaye suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ne. Nan ciwon yake, kamar dai a Taskigi.

Daren Laraba na kira Umma, na ce ta ba ni labarin abin da suka ji a rediyo a wancan lokacin. Ina saurare ina rubutawa.