Daga Jos zuwa Abuja da zancen batirin gishiri

Da sanyin safiya na taso daga Jos zuwa Abuja domin sayen batirin sola, sai na dace da zama kusa da wani malamin kimiyyar sinadarai. Muna gangara Hawan Kibo, direba na ta taka birki, na faɗa wa malamin fargabata a kan batirin litiyam da ake cewa yana kamawa da wuta.

Ya ce, "Alhaji, ai laifin na ruwan da ke cikinsa ne." Tsakanin ɓangarori biyu na batir akwai ruwan sinadarin da ƙwayoyin caji ke ratsawa, kuma ruwan mai saurin cin wuta ne, don haka idan batirin ya huje ko zafi ya yi masa yawa, gobara na iya tashi. Abin da masu bincike ke nema shi ne su maye gurbinsa da siririn fallen roba mai suna folima, wanda aka cuɗa da gishirin litiyam ko na sodiyam, ba ya yoyo kuma ba ya saurin kamawa. Peter Wright na Jami'ar Sheffield a Ingila ya gano a 1973 cewa wata folima mai suna PEO tana barin irin waɗannan ƙwayoyi su wuce, sannan Michel Armand na Faransa ya kawo shawarar sa ta a batir a 1978.

Da muka tsaya a Akwanga, malamin ya nuna mini hanyar Lafiya, wadda ake bi zuwa Keana da Awe, inda mata suka gaji dafa gishiri tun kaka da kakanni. Jihar Nasarawar da ake rububin haƙar litiyam a cikinta, ashe tana da abokin takararsa, wato sodiyam da ke cikin gishiri. Sodiyam ya fi yawa da araha, ko da yake batirinsa bai kai na litiyam riƙe wuta ba idan nauyinsu ɗaya, abin da a ganina bai dami batirin da ke ajiye a gida ba.

Cikas ɗin folimar ya fito ne daga bakin malamin bayan mun wuce Keffi, zufa ta fara keto mana. PEO ba ta aiki sosai sai zafi ya kai wajen digiri 60, wanda ko Abuja a watan Maris ba ta kaiwa, shi ya sa ake ta gwada haɗa ta da garin seramik, wato dangin tangaran, don ta yi aiki ba sai da wannan zafin ba.

A shagunan da na zaga batirin litiyam da na ruwa irin na mota kawai na tarar. Na ɗauki na litiyam, na kuma yanke shawarar kafa shi inda iska ke shiga, nesa da ɗakin kwanan yara.