Yadda na samu ƙarfen huda kankare na hannu

Sola na so in haɗa a sabon gidanmu da ko waya ba a ja ba tukuna, kuma wajen da ya dace a rataye inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, ba bulo ba ne, fila ce ta kankare da aka zuba mata tsakuwa sosai. Ƙusar kankare in ka buga lanƙwashewa take ko ta ɓalle filasta, hayar janareto da injin huda kuma kuɗin ya yi min yawa akan ramuka huɗu kacal.

Abin da na shiga nema shi ne irin ƙarfen da magina na da suke aiki da shi, dogo kamar cizal amma bakinsa gicciye mai kaifi huɗu. Akwai kuma siririn na kamfanin Rawlplug na Ingila, wanda aka yi don ramin sukuru tun kafin injin huda na lantarki ya yawaita. A shagunan kayan gini na Sabon Gari yaran shago ma ba su gane me nake nufi ba, kowa sai ya miƙo min bakin inji. A Ƙofar Ruwa na dai ga cizal masu faɗin baki birjik, amma wannan na fasa bango ne, ba ya ba ka rami zagayayye.

Wani dattijon birkila ne ya ce min ɗana daina wahala, je wajen maƙera. Kuma gaskiyarsa. Na zana wa maƙerin a ƙasa, na ce Baba da rodi za a yi? ya ce a'a rodi ba ya riƙe kaifi, sai dai sifirin ɗin mota. Ya sa a wuta ya miƙar da shi, ya fitar da bakin da magagari, sannan ya ba shi ruwa, wato ya tsoma shi a ruwa da zafinsa don ya yi tauri, bakin kawai, saman ya bar shi da taushi saboda in ya yi tauri gaba ɗaya, guduma na sauka zai iya tsagewa ya yi tsartuwa a ido. Wallahi wannan ilimin ya burge ni, kuma abin na damuna yadda muke wuce mutanen nan muna neman na kanti.

Wajen aikin kuma ba ƙarfi ba ne. Bugu kaɗan kaɗan da guduma madaidaiciya, duk bugu ɗaya ka ɗan juya ƙarfen, in ba ka juya ba zai cije a ciki ka yi ta fama. Ƙura na taruwa a ramin tana cinye bugun, sai ka riƙa hure ta da ɗan siririn tiyo, ido a rufe ko da tabarau. In ka ji ƙarar ta canza ƙarfen na dawowa, ka ci karo da rodin cikin fila ne, matsa gefe kawai. A bulo mai rami kuwa sassauta hannu sosai don ta ciki yake fashewa, kuma filasta ma a hankali ake fara ta.

Kowane rami yana cin lokaci, hannu kuma zai gaji, in ramuka hamsin ne gare ka nemi inji kawai. Amma ka tafi wajen maƙeri da fishar da za ka sa a ramin, wato 'yar robar nan da sukuru ke kamawa a cikinta, ya auna kaurin ƙarfen da ita, don in ramin ya fi ta faɗi sukuru ba zai kama ba.