Tawa, Alhamis da dare

Zafin Afrilu a Tawa ba ya barin kowa ya kwana cikin ɗaki. Ana gama isha'i aka baje tabarmi a tsakar gidan surukaina: Baba can wajen pampo inda ake jera jarkoki, Inna da su Auta gindin dogon yaro, mu kuma bakin ɗakin da aka sauke mu. Jiya da marece Inna ta dama mini fura da nonon shanu, ga cukun da aka kawo daga Abalak. Ni kuwa cikina ba ya shiri da nono. Amma wace suruka za ta maida wa uwar miji ƙwarya a cike?

Gab da asuba cikina ya murɗa. Makewayin gidan yana can kusurwa, sai ka ratsa gaban tabarmar kowa. An ɗauke wuta, na lallaba da hasken waya, na ɗauki buta cike da ruwa, na shige. Ƙofar ta langa-langa ce, ba sakata, igiya ce kawai ake naɗawa a ƙusa. Sai da na gama na kai hannu, na ji buta wayam. Ashe gindinta a tsage yake, ruwan duk ya tsiyaye ƙasa.

Ina nan tsugune aka yi kiran farko. Sai ƙarar takalmi, sai gyaran murya. Baba ne.

Kowa ya san ƙa'ida, wanda ke ciki ya maida gyaran murya, na waje ya koma. To ni da ban taɓa cin abinci gaban mutumin nan ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ko gaisuwa sai na durƙusa daga nesa, yau daga makewayi zai ji muryata? Wallahi maƙogwarona ya rufe. Ya sake. Na damƙe igiyar nan da hannu biyu, gumi na zuba, ina kiran sunan Allah a zuci duk da na san ba wurin kiransa ba ne.

Sai muryar Inna daga gindin itace: "Malam, Auta ce ciki, cikinta na ciwo. Tahi ka kama ruwa masallaci." Auta kuwa tana gefenta tana sharar barci. Da zaure ya rufe, sai ga wata buta da guntun sabulu an turo ta ƙarƙashin ƙofa. "Ɗiyata, ga ruwa." Iyakar maganarta ke nan. Da gari ya waye ta miƙo mini jiƙon sabara, ta shiga zancen tsadar albasa, ko kallon da zai tuna mini ba ta yi ba.

Abin da ya hana ni sukuni yau shi ne maigidana. Na ja shi ɗaki na gaya masa, murya na rawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai mene ne abin kunya, akwai wanda ba ya zagayawa? Na ce masa, "Kai ɗan gida ne. Ko ƙofar ta faɗo maka, gidan ubanka ne. Ni baƙuwa ce, duk motsina ana gani." Ya ce na cika ɗaukar abu da zafi. Da azahar kuma na ji yana tsokanar Auta, wai yaya ciwon ciki, ita ko ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Tsohuwa ta rufa mini asiri da sunan 'yarta, shi yana neman yaye shi don nishaɗi.

Ya manta lokacin da ya sauka gidanmu na unguwar Bukoki a Yamai. Mama da kanta ta sa yara su aje masa buta da bokiti a ƙofar ɗaki tun dare, ta janye kowa daga tsakar gida har ya gama wanka. Bai taɓa tambayar wanda ya shirya hakan ba. Ni ma abin da nake so ke nan daga gare shi, ya duba mini hanya a gidansu kafin in buƙata, ba sai uwarsa ta tashi daga barci ba.

La'asar, kasuwa da Auta. Buta biyu sababbi, sakata ɗaya. Cikin ya lafa. Mama ta kira, ban gaya mata ba. Baba ya dawo magariba na gaishe shi daga bayan labule, ya amsa kamar kullum.

Mota Asabar da sassafe, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, sai Yamai. Na aje masa sakatar da ƙusoshi a kan tabarmarsa, na ce kafin mu bar gidan nan a kafa ta. Ya ce to. Haƙuri dai har yanzu bai ba ni ba.