Abin da kalandar ganin likita ta koya min kan gyaran fuskar manhaja

Duk wanda ya taɓa saka kalandar tsara lokaci a cikin manhaja ya san cewa ɗora ta ba shi ne wahala ba, layi kaɗan ne ka rubuta ta fito. Wahalar tana farawa ne ranar da mutanen da za su yi aiki da ita suka zauna a gabanta. Ni da FullCalendar na fi aiki, wato kalandar da aka riga aka haɗa don sakawa a shafin intanet, wadda Adam Shaw ya fara fitarwa a 2009 tana dogare da wani kayan aikin rubuta shafuka mai suna jQuery, sai a fitowa ta 4 a 2019 suka rabu da jQuery ɗin gaba ɗaya. Aikin da ya fi koya min abubuwa shi ne na wani ƙaramin asibitin kuɗi, inda ake so masu ba da kati su riƙa ganin wane likita ne ke da fili da kuma ƙarfe nawa.

Mai asibitin maganar kala kawai yake yi, a sa kore irin na tambarinmu, a sa kaza a sa kaza. Amma matar da ke zama a teburin kati ko sau ɗaya ba ta yi maganar kala ba, ita damuwarta kullum sai ta yi ta jan sikirin sama da ƙasa kafin ta ga wanda zai shigo ƙarfe huɗu na yamma alhali mara lafiya na tsaye a kanta. Dalili kuwa, kalandar a yadda take zuwa tana zana awa 24 cif, daga 12 na dare zuwa wani 12 na dare, kowane layi minti 30, kuma tana buɗewa ne daga ƙarfe 6 na safe. Toh asibitin da ke ganin marasa lafiya daga 8 zuwa 6 me zai yi da ƙarfe 3 na dare? Da na saita slotMinTime da slotMaxTime na yanke sauran awoyin sai ranar duka ta shiga sikirin ɗaya, wallahi wannan gyaran na layi biyu ya fi duk kalolin da muka yi ta musu a kai amfani. Sai slotDuration, wato tsawon lokacin kowane layi, na mayar da shi minti 15 tunda haka likitocin ke raba lokacinsu, sai dai kuma layukan suka ninku, dole na rage tsayin kowanne, in ka rage da yawa kuma sunan mutum ba ya shiga akwatin. Nan fa sai gwaji a kan ainihin kwamfutar da ke kan teburin, ba taka mai faffaɗan sikirin ba.

Akwai kuma abin da kalandar ta ɗauka shi ne makon aiki, businessHours ɗinta Litinin zuwa Juma'a ne, 9 zuwa 5. Mu kuwa Asabar ana aiki, ranar Juma'a kuma da rana kowa ya tafi masallaci. Abu mai kyau shi ne yana karɓar jeri, sai na raba Juma'a gida biyu, safe da bayan an sauko, tsakiyar ta yi duhu-duhu yadda ido zai gane ba a ba da lokaci a nan. Amma fa duhun ado ne kawai, ba ya hana a danna wurin, sai ka haɗa da selectConstraint sannan take ƙin karɓa. Ranar farkon mako ma firstDay ce ke riƙe da ita, 0 Lahadi, 1 Litinin. Sunayen ranaku da na maɓallai ni na rubuta su da Hausa, yau, mako, wata.

Yanzu kalar. Tun fitowa ta 5 a 2020 abin ya yi sauƙi, kalolin suna cikin wasu sunaye na CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, irin su --fc-event-bg-color da --fc-border-color da --fc-today-bg-color, ka canza a wuri ɗaya ko'ina ya bi. Shawarata kar ka je kana bin sassan cikin kalandar ɗaya bayan ɗaya kana danne su da !important, umarnin da ke tilasta taka kalar, ranar da aka sabunta ta suka canza sunan wani sashe duk aikinka ya watse kuma ba ka san ta ina za ka fara ba. Yanayin duhu, wato shafi mai baƙin baya, shi ma da waɗannan sunayen ake yi, ka ba su wasu kaloli a ƙarƙashin prefers-color-scheme shi kenan.

Inda na daɗe shi ne wajen iya karanta rubutun. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafin intanet zai zama kowa na iya amfani da shi, ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1. Shuɗin da kalandar ke zuwa da shi, #3788d8, in ka sa farin rubutu a kai wajen 3.7 yake bayarwa, wato shi kansa bai kai ba, balle koren tambarin da ya fi shi haske. A kan tsohon sikirin da hasken taga ke duka, farin rubutun nan ɓacewa yake yi. Na bar koren a saman shafi don ran mai asibiti ya yi daɗi, akwatunan kuma na ba su baya mai haske sosai da baƙin rubutu, kalar kowane likita ta koma siririn layi a gefen hagu. Sannan maganar ja ga wanda aka soke, kore ga wanda ya iso, akwai masu matsalar bambance waɗannan kaloli biyun kuma an fi samunsu a maza, ga shi kowace safiya sai an buga jadawalin a firinta mai baƙi da fari an liƙa a ƙofar likita, burawza kuma ba ta buga kalar baya sai an ce mata ta buga. Don haka da eventContent na ƙara kalma a cikin akwatin, ya iso, an soke, yana jira, kala ta zama ƙari kawai.

A waya kuwa kar ma ka wahalar da kanka da matse kwana bakwai cikin tafin hannu, kamar cusa kayan ɗaki ne a aljihu. In sikirin ƙarami ne ina juya shi zuwa listWeek, jerin na mako, ko timeGridDay, na rana ɗaya, likita ya ga jerin mutanensa kawai. Jan akwati a ajiye shi a wani lokacin ma a waya sai an danne na daƙiƙa ɗaya kafin ya kama, mutane su ɗauka ya lalace, ana rage shi da longPressDelay.

Abubuwa biyu da suke zuwa kamar matsalar zane alhali ba ita ba ce. Najeriya tana gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya kuma ba ma canza agogo da rani ko damina, to in ka ga duk akwatunan sun goce da awa ɗaya daidai, duba yadda ake ajiye lokacin da kuma saitin timeZone, ba CSS ba. Na biyu, ranar ƙarshe ba ta shiga lissafi, likitan da ya ɗauki hutu daga 3 zuwa 7 ga wata sai ka aika 8 a matsayin ƙarshe, in ba haka ba sandar hutun za ta tsaya a 6 a ba mutum kati ranar da likita ba ya nan.

Sai wanda ya kamata ka sani tun kafin ka faɗi kuɗin aiki, jera likitoci kowa da ginshiƙinsa gefe da gefe, wato resourceTimeGrid da resourceTimeline, ba ya cikin na kyauta, sai an sayi lasisi in aikin kasuwanci ne. Mu da likitoci uku ne kawai sai muka sa maɓallin zaɓen likita a sama, in sun ƙaru sai a sake zama da mai asibiti a yi maganar lasisin.