Manabe da Nobel ɗin da ta zo yana ɗan shekara 90

Jiya da daddare ina haɗa darasin ɗumamar yanayi da zan koya wa ɗalibaina, sai na shagala da tarihin masanin kimiyyar yanayi Syukuro Manabe har shayina ya huce.

Haifaffen Japan ne a 1931, ya koma Amurka a 1958 bayan ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Tokyo. A 1967 shi da abokin aikinsa Richard Wetherald suka sa kwamfuta ta lissafa abin da zai faru idan iskar kabon ta ninka a sararin samaniya. Amsar da ta fito: zafi a doron ƙasa zai ƙaru da sama da digiri 2, can ƙololuwar sama kuwa sanyi ne zai ƙaru. Kuma fa da kwamfutar da wayar hannunka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba!

Abokan sana'arsa sun san darajarsa, a 1992 suka ba shi lambar Rossby ta masana yanayi. A 1992 ɗin da aka ƙirƙiro kyautar muhalli ta Blue Planet, da shi aka buɗe fage. Kyautar kimiyya ta Crafoord ta biyo baya a 2018, suka raba da masaniyar kimiyya Susan Solomon.

Amma Nobel ta fiziks? Sai 2021, shekara 54 bayan wancan aiki. Ita ma rabi aka ba su shi da Klaus Hasselmann na Jamus, ɗaya rabin Giorgio Parisi na Italiya ya ɗauka. Ni dai a ganina kwamitin ya yi nawa, don ba a bai wa mamaci Nobel, shi Wetherald kuwa ya rasu tun 2011.