Gajiyar yanke shawara, da yadda ake rage ta tun daren jiya

Akwai gajiyar da ba ta jiki ba ce. Mutum ya wuni zaune a shago ko ofis, bai ɗauki kaya ba, amma da yamma ko tambayarsa aka yi abin da za a dafa sai ransa ya ɓaci. Tun safe yake ta zaɓi: wa zai ba bashi, saƙon wa zai fara amsawa, ya sari kaya yau ko ya jira. Idan kai ya ɗau zafi, ko dai ya ce "sai gobe", ko ya amince da duk abin da aka miƙo masa don a ƙyale shi.

A 2011 wani mai bincike, Shai Danziger, da abokan aikinsa sun duba hukunci 1,112 na alƙalan Isra'ila kan sakin fursunoni. A farkon zama ana amincewa da kusan kashi 65 cikin 100 na buƙatun, dab da hutun cin abinci kuwa adadin yakan kusa zama sifili. Sai dai wasu masana sun nuna cewa fursunonin da ba su da lauya su ake yawan bari ƙarshe, don haka ba gajiya kaɗai ba ce. Haka ra'ayin masanin halayyar ɗan Adam Roy Baumeister na 1998, cewa ƙarfin kame kai yana ƙarewa kamar mai a tanki: a 2016 ɗakunan bincike 23 sun sake gwada shi, ba su ga tasirin kirki ba. Saboda haka kada ka dogara da zancen wai sukarin lemon kwalba zai sake cika tankin ya dawo maka da azama.

Abin da ya fi tabbata shi ne yanke shawara kafin lokacinta. Peter Gollwitzer, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna amfanin tsara niyya da sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza". "Zan rage ba da bashi" buri ne kawai. "Idan mai tsohon bashi ya nemi sabo, zan ce ya fara biyan rabi" doka ce, an gama tunaninta tun kafin ya shigo da murmushinsa. A nan mutane ke kuskure: suna kafa doka goma rana ɗaya, ranar Laraba duk sun rushe. Fara da biyu, ka riƙe su mako uku kafin ka ƙara.

Bayan sallar isha'i, ware minti goma. Rubuta ayyuka uku na gobe, ka fitar da kayan da za ka sa. Uwargida ta tsara girkin mako ranar Juma'a ko Asabar, cefane ya bi tsarin. Aiki mafi nauyi a sa shi da hantsi, kafin a buɗe WhatsApp, domin kowane saƙo ƙaramar shawara ce yake nema.

Wajen sayayya, kada zaɓi ya wuce uku, ma'auni kuma biyu, misali farashi da ƙarko. Ka tsayar da wani adadin kuɗi: abin da bai kai shi ba, minti biyu ya isa; abin da ya wuce shi, kamar fili ko babur, a kwana a kai, a nemi shawarar wanda ya san harkar. Idan barcinka bai kai awa bakwai ba, ko yunwa na cinka, kada ka sa hannu a takarda ranar. Ka ce da mai ita ya dawo da safe.