Talata a Alƙahira, sakamakon Umma ya fito

Umma ta tashi da ƙarfinta yau. Ta taka daga ɗaki har baranda ba ta dafa bango ba, ta ce ita fa ta gaji da abincin Larabawa, a dama mata kunun gyaɗa. Na dama da gyaɗar da Goggo ta ƙullo mana, ta shanye tas. Ɗinkin gefen haƙarƙarinta ya bushe, sai dai in tari ya zo ta dafe wurin da tafin hannu.

Da hantsi muka je asibiti. Ƙarin ciwon dajin da aka cire mata a huhu yana mataki na IB, wato bai yi nisa ba, bai taɓa kaluluwar da ke kewaye ba, alhamdulillahi. Sai likita ya juya takarda ta biyu, ta gwajin ƙwayoyin halitta. An samu sauyi a ƙwayar halitta mai suna EGFR, wani ɗan yanki ya ɓace a sashenta na 19. Ita EGFR ce ke ba ƙwayar jiki umarnin ta rabu ta yaɗu, to in ta samu wannan sauyin sai ta zama kamar famfon da kansa ya lalace, ba ya rufuwa. Ya ce akwai ƙwayar magani mai suna osimertinib da aka yi domin irin wannan, ɗaya kullum har shekara 3.

Wayar Yaya ce ta hana ni sukuni tun la'asar.

"Ke, ba kin ce an cire duka ba? Wane magani kuma na shekara uku?"

Na ce Yaya, abin da ido da hoto suka gani aka cire. Wasu ƙwayoyin ciwon kan sulale cikin jini tun kafin tiyata, su lafe, daga baya su ɓullo a ƙashi ko a ƙwaƙwalwa. Na karanta masa abin da likita ya nuna min na binciken ADAURA: mutum 682 masu wannan sauyin, daga mataki na IB zuwa IIIA, duk an yi musu tiyata, aka raba su biyu. Alƙaluman da suka fito a 2023 sun nuna bayan shekara 5, mutum 88 cikin 100 na masu shan maganin suna raye, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kuma 78.

Ya yi shiru, ina jin ƙarar janaretan shagonsa. Can ya ce, "Goma ke nan. To Umma tana cikin 78 ɗin da suka rayu ba magani, ko tana cikin goman?"

Raina ya sosu, har na kusa ce masa uwa ake yi wa lissafi? Na haɗiye. Shi ya biya kuɗin jirgi da na tiyata, ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba, kuma kuɗin maganin nan ba na wasa ba ne. Tambayarsa ma tana kan hanya. Takardar da ke hannuna ta faɗi maganin da ciwon zai ji. Ba ta faɗi ko ciwon Umma zai dawo ba. Abin da masana ke ta nema ke nan. A Landan, ayarin Farfesa Charles Swanton na binciken TRACERx sun nuna tun 2017 cewa ɓurɓushin ƙwayoyin halitta (DNA) na ƙari da ke yawo a jini bayan tiyata kan nuna ciwon na dawowa kafin hoton CT ya gano shi. Da gwajin ya kai matsayin da za a dogara da shi a ce wannan ta sha, waccan ta huta, da Yaya ya samu amsarsa yau. Bai kai ba tukuna. A ganina, tunda akwai magani, kuma an san irin wannan ciwon na son ƙwaƙwalwa, a ba ta. Haka na faɗa masa, muryata na rawa.

Auta ta turo saƙo a tsorace, wai ko gado ne. Likita ya riga ya faɗa: galibi sauyin a cikin ƙarin yake faruwa, ba a haifi mutum da shi ba.

Masu zuwa dubiya ta waya kuma, kowa sai ya ce ai Hajiya ba ta taɓa shan taba ba. To sauyin EGFR ya fi yawa ne a mata da waɗanda ba sa shan taba, ya kuma fi yawa a Gabashin Asiya kan Turai. Na gaji da maimaitawa.

Ban ci abincin dare ba.

Bayan isha'i saƙon Yaya ya shigo: a fara, gobe zai je wurin Baffa su yi maganar filin. Da safe za a auna bugun zuciyar Umma, don maganin kan taɓa shi, ya kuma kawo gudawa da ƙuraje a fata. Ita dai ta ce in tambayi likita ko za ta iya azumi da shi.